Ranar Da Na Ce Ban Gane Ba

Masu rubuta tarihin ƙasar nan suna cewa juyin mulki ne ya mayar da mu baya, ko faɗuwar farashin mai, ko rashin wutar lantarki. Na karanta su, ina kuma girmama su, amma sun yi kuskure. Abin da ya karya ƙasar nan kalmomi biyu ne da ake faɗa da murya ɗaya a kowane aji, daidai lokacin da malami ya juyo daga allo da alli a hannu: mun gane. Duk gadar da ta rufta da duk famfon da ya daina kawo ruwa, idan aka bi diddigi, za a tarar da wani yaro da ya ce ya gane alhali bai gane ba, da wani malami da ya ji daɗin amsar ya goge allo. Ni shaida ce, domin a ajinmu muryata ke fara tashi kafin ta kowa. Shi ya sa na rubuto wa wannan fili, ko wani zai tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, ni yarinya ce 'yar sakandare a wani babban gida cikin lungunan Ƙofar Gayan. Rabin mazan gidan malaman zaure ne, rabi ma'aikatan gwamnati, kowane rabi kuma yana ganin ɗayan ya ɗan bauɗe. Mahaifina akawu ne, aiki ya kai shi Kaduna, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Gidan yana hannun yayansa, Baffa, malamin fiƙihu da ake zuwa wurinsa daga unguwanni a kan rabon gado. Ni kuwa a ɗakin ƙanwarsu Gwaggo na tashi, ita ta yaye ni, ita ta riƙe ni. Abin da Allah ya hore mini shi ne hadda. Idan na ji abu sau biyu ya zauna, har da inda mai faɗa ya yi tari. A gida irin namu wannan ba ƙaramar baiwa ba ce, domin da ita ake auna yaro, kuma ni an auna ni an ga na cika.

Da muka gama aji uku aka ware waɗanda suka fi maki aka ce mu ne ajin kimiyya. Ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu ga abin tambaya ba. Ranar da na kawo labarin gida Gwaggo ta yi guɗa, ta ce shi ke nan ta yi likita. Dama tana fama da wani gyambo a ƙafa wanda yake warkewa ya dawo, ga yawan ƙishirwa, kuma ta daɗe da rantsuwa cewa ba namijin da zai kama mata ƙafa yana jujjuyawa da sunan magani. Duk wanda ya yi mata zancen asibiti sai ta nuna ni da haɓa, ta ce ga asibitinta nan yana tasowa, za ta jira. Daga ranar sunana ya ɓace. Likita a cikin gida, Likita a bakin famfo, mai ƙosan bakin layi ma idan ta ƙara mini gyara sai ta ce kada in manta da ita ranar allura.

Bari in faɗi yadda ake yin likita a makarantarmu ta jeka-ka-dawo. Malamin lissafi zai shigo da littafi a hamata, ya kwafe misalin da ke ciki a kan allo tun daga tambaya har amsa, mu ma mu kwafe. Sai ya juyo ya tambaya ko mun gane, mu ce mun gane, ya goge. Ranar jarrabawar zango, waɗannan misalan ne dai za su dawo, da lambobinsu, ko gaisawa ba sai mun yi ba don mun saba. Ni kuwa na sa musu karin murya irin na karatun allo, ina biyawa a hanya tun daga ƙofar gida har makaranta. Na haddace dokar warware lissafin da ke da harafi mai hawa biyu, na haddace dokokin motsi, na haddace cewa wata iskar gas tana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ban taɓa shaƙarsa ba. Na san launin da takardar gwaji ke komawa idan ta taɓa asid kamar yadda na san Makka tana gabas, wato da imani. Kowane zango ni ce ta ɗaya, har aka naɗa ni firifet ɗin ɗakin gwaje-gwaje. Ɗakin kuwa a kulle yake da ƙaton kwaɗo, makullin yana jakar shugabar makaranta, don kada yara su fasa kayan gwamnati. Aikin ofishina shi ne share barandarsa da leƙawa ta taga.

Sau ɗaya na taɓa yin tambaya. Na ce wa malamin lissafin don me lamba take sauya alama idan ta tsallaka zuwa ɗaya gefen, mai tarawa ta koma mai ɗebewa. Ya dube ni ya ce haka dokar take, kuma in tuna zamanin soja muke, ba a tambayar dalilin doka, ko so nake a zo a tafi da shi. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, na ƙara haddace cewa lamba tana sauya alama, na rufe bakina.

Asirina ya tonu ne a aji biyar, saura 'yan watanni jarrabawar fita, kuma ba a makaranta ba. Wata rana bayan la'asar Baffa ya sallami wasu baƙi da suka zo a kan gado, ya shigo soron ciki yana shan fura, sai ya sa a kira masa Likita. Ya ce ya ji ana ta yabon lissafina, shi kuwa bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya ce mutum ne ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya, mata tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida, to in haɗa masa rabon su biyun. Na tsaya ina buɗe shafukan da ke kaina. Akwai rabi da sulusi a shafi kaza, akwai rubu'i da rabi a ƙasansa, amma takwas da shida ba su taɓa zama wuri ɗaya a littafinmu ba. Sai kawai na tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na ce biyu bisa goma sha huɗu. Baffa ya ajiye ludayi. Ya ce to biyu bisa sha huɗu ai ɗaya bisa bakwai ke nan, ke nan an haɗa rabon uwa da na mata ya fito bai kai na uwar ita kaɗai ba, ya tambaye ni ko ni ce na ci ragowar. Ya ƙara da cewa da a gaban magada na faɗi wannan, da yanzu ana jifan zaurensa.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce a karatunsu ma da hadda ake farawa, amma ba a nan ake tsayawa ba. Ɗalibi idan ya kawo hadda sai malami ya juya masa mas'alar, ya kashe wannan magajin ya raya wancan, ya ƙara mata ya rage ɗa, har sai ya ga ɗalibin yana tsaye da ƙafarsa. Ya ce wanda ba a taɓa juya wa mas'ala ba, ba a ba shi amanar ko rabon goro. Sannan ya tambaye ni, a shekara biyar ɗin nan, ko akwai wanda ya taɓa sauya mini lamba ɗaya. Na ce babu. Ya ce to ban fara ba tukuna.

Washegari na tare malamin lissafi a bakin ofishin malamai, na ce ina so ya nuna mini dalilin abubuwan da muke kwafa, ba don neman fitina ba. Ya waiga ya ga ba kowa, sai ya gaya mini gaskiya da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce shi labarin ƙasa ya karanta, koguna da duwatsu ne nasa. Malaman lissafi da suka zo daga ƙasashen waje sun tattara sun koma da darajar kuɗinmu ta faɗi, aka duba cikin waɗanda suka rage aka ga shi ne ya fi iya zana layi a miƙe. Ya ce yadda nake haddacewa da safe haka shi ma yake haddacewa kafin ya shigo aji, tazarar da ke tsakaninmu shafi ɗaya ce. Ban taɓa jin haushinsa ba tun daga ranar, har yau ina yi masa addu'a. Haushina ya koma kan tsarin da ya tsayar da mu biyu muna yi wa juna biyayya a kan abin da ba wanda ya sani.

Ana cikin haka aka ce masu duba makarantu za su zo. Nan da nan makullin ya fito daga jaka. Aka buɗe ɗakina, ni firifet ɗinsa na shiga karo na farko. Muka kakkaɓe yanar gizo-gizo, muka wanke kwalabe. Sinadaran da ke ciki sun daɗe da daskarewa, don haka shugabar makaranta ta sa aka jiƙa bula ta wanki aka cika wasu kwalabe, aka dafa zoɓo aka cika wasu, aka jera su a kan tebur suna sheƙi. Aka aro mini farar riga, aka ba ni jawabin da zan yi a kan yadda ake ɗiga asid a hankali har launi ya juya. Ranar da suka zo, babbansu wani dattijo ne mai furfura da alamar ya gaji da ganin zoɓo a rayuwarsa. Na yi jawabina tsaf, ko numfashi ban saɓa ba. Ya jinjina kai, ya juya ga aji ya tambaya ko kowa ya gane abin da 'yar'uwarsu ta bayyana. Aji ya amsa da murya ɗaya.

Ni ban amsa ba. Da amshin ya lafa sai na ce masa, ransa ya daɗe, ni da na yi bayanin ban gane ba. Na ce wannan makon ne na fara taɓa kwalbar da ke hannuna, ban san abin da ke sa launi ya juya ba, ban san dalilin da lamba ke sauya alama ba, kuma jan ruwan da ke gabansa zoɓo ne, idan yana jin ƙishirwa bismilla. Dattijon ya ɗauki kwalbar ya shinshina, ya kurɓa kaɗan, ya ce wa shugabar makaranta an manta ba a sa sukari ba. Ya yi 'yan rubuce-rubucensa suka tafi. Abin da na ga ya biyo bayan ziyarar shi ne an sauya wa ɗakin kwaɗo, an sa wanda ya fi na da girma.

Kashegari a taron safe aka cire mini bajon firifet a gaban kowa, aka ce kada in dawo sai da babba daga gida. Baffa ne ya je. Shugabar ta ce masa na kunyata makaranta a gaban baƙi, kuma dama su sun san 'ya'yan cikin birni hadda kawai gare su, kansu ba na lissafi ba ne, balle mata, gara a mayar da ni wani ajin. Baffa ya saurara har ta gama. Ya ce shi a zaurensa ɗalibin da ya ce bai gane ba shi ake matso da shi kusa da buzu, amma kowane gida da tsarinsa. Ya ce bai zo neman bajo ba, abin da yake roƙo a bar yarinya ta zauna jarrabawar da aka yi shekara biyar ana ce mata ta shirya. Aka bar ni, bisa sharaɗin in riƙa zama a bencin baya.

Wadda hukuncinta ya fi mini zafi ita ce Gwaggo. Ta ce a gidan nan ba a haifi 'yar da ke tsinka manya a gaban baƙi ba, ko da a kan gaskiya ne, ai akwai bayan fage. Ta daina ce mini Likita, ta koma kirana da sunana na yanka, a bushe, kamar mai kiran 'yar maƙwabta. Ni kuwa na duƙufa. Baffa yana juya mini mas'alolin gado a kan allon ƙarfe har na fara jin yadda kaso yake shiga cikin kaso, malamin labarin ƙasa kuma muna zama da shi bayan tashi muna lalube tare kamar makafi biyu a kasuwa. Amma abin da aka rasa a shekara biyar ba ya dawowa a 'yan watanni. Masu shirya jarrabawar fita ba su san littafinmu da zumunci ba, duk sun sauya lambobin. Da sakamako ya fito na ci Hausa da Turanci da addini da maki masu kyau, na tsallake Bayoloji da ƙyar don shi yana karɓar hadda, lissafi da Fiziks da Kemistiri kuwa tara-tara, wato makin da babu na ƙasa da shi. Kusan duk ajinmu haka aka zube. A makaranta aka ce yaran bana ba su da ƙoƙari.

A ranar na shiga ɗakin Gwaggo na zauna a bakin gadonta. Warin ƙafar ya riga ya fara cika ɗakin, tana ta turara shi da turaren wuta. Na ce mata ta daina jirana, ba zan zama likita bana ba, ba baɗi ba, wataƙila har abada, kuma idan ba ta tashi mun tafi asibiti ba zan je in gaya wa Baffa ya sa a ɗauke ta da ƙarfi. Ta zage ni tas, ta ce na fara da shugabar makaranta yanzu na iso kanta. Da ta gaji ta ce in miƙo mata mayafinta. A asibiti muka nemi likita mace, aka kuwa samu, abin da ba wanda ya taɓa tambaya a duk shekarun nan saboda kowa ya san Gwaggo tana da likitarta a gida. Likitar ta duba ta ce ciwon suga ne, ya daɗe yana ci, da an zo da wuri da wanki da magani sun isa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Gwaggo ta yi shekaru bayan haka tana dogara sanda, kuma ita ta fara mayar mini da sunan. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna ni ta ce ga Likitarta nan, wadda ta yanke mata ƙafa ba tare da ta riƙe wuƙa ba. Tana faɗa tana dariya, ni ma ina tayawa, amma ban taɓa jin abin ya zama wasa ba. Na sake zama jarrabawar na faɗi, na sake zama na ci. Lokacin ƙofar karatun likita ta riga ta rufe, sai na shiga kwalejin horon malamai, na kuma zaɓi lissafi da gangan, don in ga ko kan 'yar cikin birni zai fashe. Bai fashe ba. Shi nake koyarwa har yau.

An sha ce mini in yarda na yi rashin kunya a ranar nan. Ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba. Nadamata ɗaya ce, na makara. Da a aji ɗaya na ce ban gane ba, na nace, na sha dariya da bulala, da wataƙila Gwaggo ta shiga kabarinta da ƙafa biyu, ko don an daina yi mata alkawarin likitar da ba ta nan tafe. Haka kuma ban yarda mu daƙiƙai ba ne. Duk shekara idan sakamako ya fito manya sukan hau rediyo su yi jimamin yadda yara suka faɗi lissafi da kimiyya, su ɗora wa lalaci da kallon talabijin, yanzu kuma waya. A zamaninmu babu waya, talabijin ɗin unguwarmu ma sai wuta ta ga dama, mun kuma faɗi warwas. Yaron da aka ba wa zoɓo aka ce masa asid ne, aka ba shi malamin koguna aka ce ya koya masa lissafi, idan ya faɗi ba shi ya kamata ya sunkuyar da kai ba.

Don haka ina kira ga iyaye, kada na ɗaya a katin sakamako ya ruɗe ku. Ku zaunar da yaro ku ɗauki lissafin da ya ci, ku sauya lamba ɗaya tak, ku ga ko yana nan a tsaye. Kada kuma ku laƙaba wa ɗan aji uku sunan aikin da bai fara karantawa ba, domin akwai mai ɗaukar sunan da gaske ta jingina lafiyarta a kai. Malamai 'yan'uwana, idan an ba ku darasin da ba naku ba, ku faɗa da ƙarfi, ba a bakin ofis ba. Ku kuma yara, wanda bai gane ba ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, ko da gwamna ne a tsaye a ajin. Za a yi muku dariya, ana iya cire muku bajo, duka biyun na ɗanɗana, ba sa kisa. Wannan wa'azin nake yi wa kowane sabon aji a ranar farko, har ɗalibaina sun haddace shi.

Makon jiya na koyar da tara kaso da kaso a aji ɗaya, ajin cike har bakin taga. Ina tsakiyar misali na biyu aka kaɗa ƙararrawa, malamar Turanci tana tsaye a bakin ƙofa da littattafanta tana duba agogo. Na juyo na tambaye su ko sun gane. Suka ce sun gane. Na goge allo.